Tawadar Wurno da Faifan Zamani

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi gabas maso arewa, ya ratsa ta Achida, har ya hango Wurno a bisa tudunta, ga fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinta da gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa, to, ya iso garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi wajen shekarar 1830, ya zauna cikinsa yana tsaron iyakar daula daga farmakin Gobirawa da Azbinawa, har Allah ya karɓi ransa a 1837, aka yi masa makwanci a nan. Masu ziyara ba su yanke ba har yau. Amma abin da ya sa na ɗauko zancen wannan gari wata mas'ala ce wadda ta daɗe tana damuna, wato yadda littattafan da aka rubuta da alƙalamin kara a wancan zamani, shekara kusan 200 ke nan, suna nan ana karanta su a zaure, alhali kuwa waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da rubuce-rubucen da 'ya'yan Hausawa suka yi da na'ura shekara 30 da suka wuce, da yawa daga cikinsu ko dai sun salwanta, ko kuwa suna nan kwance cikin faifan da babu sauran abin buɗe shi.

Kafin a fahimci sababin wannan, wajibi ne a san yadda littafi yake rayuwa a hannun magabata. Takarda ba a ƙasar nan ake yin ta ba. Fatake ne suke ratso Sahara da ita daga Tarabulus da Masar, mafi shahararta kuwa ita ce wadda ake yi a ƙasar Italiya, wadda in ka ɗaga ta sama haske ya ratsa, za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Saboda tsadarta ba a ɓarnatar da ita, ɗalibi kuwa sai ya gama koyon hannu a kan allo kafin a yarda ya kusance ta. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, ta wankewa ce. Ta littafi kuwa daban take, ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa tare da kashin maƙera har ruwan ya yi duhu, a tace, a sa ƙaro, ita ce mai kama takarda ta zauna daram. Akan yi matani da baƙa, wasali da kan babi da ja, in Alƙur'ani ne kuma a ƙawata kan sura da wuraren hizifi da zayyana mai ruwan ɗorawa. Ba a ɗinke littafi. Waraƙa-waraƙa yake zama, don malami ya iya rarraba wa almajirai goma su juya a lokaci guda, shi ya sa mai rubutu, in ya kai ƙarshen waraƙa, sai ya sanya kalmar farko ta waraƙar da ke biye a can kusurwar ƙasa, domin ko iska ta watsar da su a iya jeranta su kamar yadda suke. In an kammala sai a zauna muƙabala, wani yana karanta asali da ƙarfi, wani yana bin juyi da yatsa, inda aka tsallake kalma a mayar da ita a gefe. Daga nan mai juyi ya rufe da godiya ga Allah da salati ga Manzo, sau da yawa ya ambaci sunansa da sunan wanda aka rubuta dominsa, ya roƙi gafara ga kansa da mahaifansa, sannan a sa littafin cikin tadarishi, a zura cikin gafaka ta jar fatar akuyar Sakkwato, a rataye a bango nesa da gara.

Kada mai karatu ya zaci cewa takarda ba ta halaka. Tana halaka ƙwarai, kuma Bello da kansa shaida ne. Lokacin da Baturen nan Kilafatan ya komo Sakkwato a zuwansa na biyu, a 1826, cikin kyautar da ya kawo har da littafin Iƙilidisi na ilmin handasa da Larabci, sai Sarkin Musulmi ya yi murna matuƙa, ya gaya masa cewa da ma suna da wannan littafi, wanda wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi sa'ad da wani sashe na gidansa ya ƙone. Littafin da yake ƙwaya ɗaya tak a gari, ko a gidan Sarkin Musulmi yake, dare ɗaya ya ishe shi. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda hannaye da yawa suka juya, har ya zama akwai ɗaya a Wurno, ɗaya a Gwandu, ɗaya a Kano, ɗaya a Adamawa, ta yadda wuta ko ruwa ko gara ba za su iya haɗuwa a kansu a rana guda ba. Ta wannan hanya Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya wallafa a 1812, ya iso gare mu, haka nan risalolinsa kan ribaɗi da kan maganin ciwon ido da na basur. Da wani Bature, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar da littattafan tarihin daular suna yawo a hannun malamai, ya ara ya karanta, da ya isa Gwandu kuma aka ba shi aron Tarihus Sudan, wanda aka rubuta a Tumbutu tun ƙarni na 17. Nana Asma'u kuwa, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, ta ƙara wata ma'ajiya a kan ta takarda, domin ta mayar da ilmi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajojinta, wato matan da ta koyar, suna haddacewa su kai wa matan ƙauyuka, har ta rasu a 1864 aikin wannan ƙungiya ta 'Yan Taru bai tsaya ba.

Akwai wata ɗabi'a ta Bello wadda a ganina ita ce ƙashin bayan wannan zance, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar jama'ar Shehu Usmanu, yana tambayar hujjar da ta halatta musu yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, kuma babu shakka maganganun sun yi zafi a kunnen wanda aka aiko wa. Bello bai yaga su ba, bai ɓoye su ba, sai ya naƙalto su cikin Infaƙul Maisuri, ya biyo su da amsarsa, har ya zama a yau masu tarihi suna sanin hujjar Barno ne daga alƙalamin abokin jayayyarta. Haka ya yi da Abdussalami, wanda ya yi masa tawaye a Kware a farkon sarautarsa: ya rubuta Sardul Kalami, ya sanya abin da ya gudana tsakaninsu na wasiƙu. Mutumin da ya yarda da gaskiyarsa ne yake iya adana maganar da ta tayar masa da hankali, domin ya san waɗanda za su zo bayansa ba za su iya yin hukunci na adalci ba sai sun ji ɓangarorin biyu.

Da ƙarni na 20 ya shigo, sai hanyoyin adanawa suka yawaita. A Rabah, nan kusa, aka haifi Ahmadu Bello Sardauna, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, a zamanin Firimiyarsa kuma aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya buɗe taskar gidansa ga masu bincike, Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan suka ɗauki hoton dubban waraƙoƙi a kan siririn fim, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Muryoyin makaɗan ƙasar nan, irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, suka shiga faifan garmaho da zaren rikoda, daga baya kaset. A karo na farko aka sami ikon adana sauti, abin da alƙalami bai taɓa iyawa ba, wannan kuwa ni'ima ce babba. Sai dai zaren kaset ƙura ce ta baƙin ƙarfe a bisa leda, zafi yana sa ya manne, laima tana sa ya yi fumfuna, kuma saboda tsadarsa gidajen watsa labarai a duniya, har da na Ingila, sun sha goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Wanda ya saurari Narambaɗa a wayarsa yau, ya ji wannan shuu da ke bayan murya da yadda kotso yake dusashewa, to, yana jin kaset ne da aka juya daga kaset, wanda shi ma daga wani aka juya.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa farkon wannan sana'a da ta bunƙasa har aka yi mata laƙabi da Kannywood. Kafin ƙarshen shekarun nan goma, samari sun fara haɗa kiɗa da fiyano na lantarki da kwamfuta a ƙananan ɗakuna, suna kwaikwayon amon kalangu da sarewa da yatsa a kan madanni, har fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 ya game ƙasa, babu shagon mai rikoda daga Goronyo har Maraɗi da ba a ji waƙarsa ba. Wannan fasaha ce sabuwa fil, irin wadda Bahaushe bai taɓa yi ba, ko mutum yana sonta ko yana ƙinta. To, amma uwar kaset ta fim guda ɗaya ce ko biyu, tana ajiye a shagon mai shiryawa ko na dillali, abin da ke hannun jama'a kuwa kwafi ne mai rauni wanda ake haya har ya tsinke. Sautin da aka haɗa a fiyano ana ajiye shi a ɗan faifan fulofi, wanda babu kwamfutar da ake sayarwa yau mai ramin karɓarsa. Da faifan sidi ya zo aka watsar da kaset, da memori ya zo aka watsar da sidi, a kowane sauyi kuwa abin da kasuwa take nema shi ake juyawa, saura a bar shi a buhu a bayan shago.

Marubuta su ma abin bai bar su ba, kuma tasu musibar ta fi ban tausayi, domin rubutun yana nan amma ya gurgunce. Kwamfutocin farko ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, ya fitar da masu buga littattafai da jaridu daga ƙunci, Allah ya saka masa da alheri. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wasu alamomi da Hausa ba ta cika bukata ba, a zaunar da haruffanmu a ciki. Muddin zubin yana cikin kwamfutar, rubutu yana fita tsaf. Ranar da aka buɗe takardar a wata kwamfuta da ba ta da shi kuwa, sai ka ga ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo, shafi duka ya cika da ƙugiyoyi da baka-baka. Dubban maƙalu da kundayen digiri da littattafan hikaya na wancan lokaci a haka suke zaune har yanzu, mai neman wata kalma a intanet ba zai same su ba, domin na'ura ba ta san cewa }asa ita ce ƙasa ba. Tsarin Unicode ya warware matsalar ga sabon rubutu, tsohon kuwa yana jiran wanda zai zauna ya yi masa muƙabala.

Wannan ciwo bai tsaya gare mu ba, har ma waɗanda suka ƙera na'urorin sun ɗanɗana shi tun kafin mu. A 1968 aka yi wani baje koli a Landan na zane da kiɗa da waƙen da aka samar da taimakon kwamfuta, a 1970 kuma aka yi wani a birnin Niyok wanda ya bar mutane cikin ɗimuwa. A cikinsa an gina wani ɗan gari na tubala ƙanana cikin akwatin gilashi, aka saki ɓerayen hamada a ciki, aka sanya hannun ƙarfe wanda kwamfuta take sarrafawa, duk inda ɓerayen suka ture tubali sai hannun ya zo ya sake jera shi bisa lissafinsa. Masu kallo suka tsaya suna duban talikai masu rai suna kai da komo a cikin duniyar da na'ura take rushewa tana ginawa ba tare da ta san da su ba, kowa kuma ya gane cewa da shi ake. Na'urorin wannan baje koli sun yi ta lalacewa tun ana cikinsa, abin da ya rage na wancan ɗan gari a yau hotuna ne da bayanin waɗanda suka gani. A 1986 gidan BBC ya tara bayanin ƙasar Ingila daga hannun mutum wajen miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, ya zuba a faifan zamani, don tunawa da cikar shekara 900 na kundin ƙidayar da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a kan fata a 1086. Kafin 2002 na'urar karanta faifan ta kusa ƙarewa a duniya, sai da masana na jami'o'i biyu suka yi wahala kafin su ceto shi, alhali kundin fata yana nan ana buɗawa. Zanen da Andy Warhol ya yi da kwamfutar Amiga a 1985 ya kwanta cikin fulofi har 2014 kafin a iya fito da shi. A 2019 kuma kamfanin MySpace ya ba da sanarwar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, sun ɓace wajen sauya ma'ajiya.

Illar a bayyane take ga mai tunani. Waraƙar Wurno ba ta bukatar kome sai ido da haske da sanin harshe. Aikin na'ura kuwa yana rataye ne a kan sharuɗɗa uku a lokaci guda, wato faifan ya kasance lafiya, na'urar da ke karanta shi ta kasance tana aiki, manhajar da ta san ma'anar abin da ke ciki ita ma ta kasance, in ɗaya ya faɗi sauran biyun ba su da amfani. Waraƙa in gara ta ci gefenta ana karanta tsakiya, malami ma ya cike gurbin da hadda. Memori kuwa in ya ƙone, ya tafi da komai gaba ɗaya. Duk da haka ban ɗora wa na'ura laifi ba, domin ita ce ma ta sauƙaƙa juyi fiye da kowane zamani: abin da almajiri yake wata uku yana rubutawa, yau kafin a sha shayi an tura shi. Abin da muka rasa ita ce al'adar. Manomin tafarnuwa na Wurno ya san iri ba ya zama a ɗaki shekara biyar, sai an mayar da shi ƙasa kowace shekara an ɗebi sabo, magabata kuwa haka suka ɗauki littafi, kowane zamani yana sake juya abin da ya gada, yana ganin yin haka ibada ce.

Ga kuma wani dalili wanda ya fi wuyar faɗa. Da yawa daga cikin dattawa da malamai ba su ga waɗannan finafinai da waƙoƙin fiyano da littattafan soyayya da daraja ba, wasu sun gan su fitina, kuma ba zan ce damuwarsu ba ta da tushe ba, domin akwai abin ƙi a cikin wasu. A ƙarshen 2000 aka dakatar da harkar fim a Kano, a 2001 aka kafa hukumar tacewa, a 2007 kuma aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a. Hana yaɗuwar abu hukunci ne na masu iko, suna da hujjojinsu. Adana kwafi ɗaya a taskar masu bincike kuwa mas'ala ce ta daban, kuma a nan ne nake ganin mun sauka daga turbar mai Wurno, wanda ya naƙalto wasiƙar mai sukarsa harafi da harafi. Wanda zai rubuta tarihin Hausawa na shekarun 1990 nan gaba, ya so ya san abin da samari da 'yan mata suke buri, da irin tufafinsu, da yadda harshe ya sauya a bakinsu, da abin da ya fusata malamai har suka hau mumbari, a waɗannan kaset-kaset zai same shi, in sun kai lokacinsa.

A fadamar Rima kanta, taskar wannan zamani tana cikin aljihun mutane. Tafsirin malamin gari na watan azumi, da karatun Ishiriniya na Mauludi, da kiɗan manoma ranar gayya, da damben kaka, da muryar tsohuwar da ta haddace waƙoƙin Nana tun tana yarinya, duk an ɗauke su a waya, suna cikin memori wanda bai kai farcen yatsa ba, ko a kwamfutar yaron nan mai tura waƙoƙi a kasuwar Achida, wanda in faifansa ya cika sai ya goge tsoho don ya sami wurin sabo. Mutanen wannan kwari kuwa sun san abin da ruwa yake iyawa, domin ambaliyar watan Satumba na 2010 ta rushe gidaje a ƙauyukan Goronyo da Wurno da maƙwabtansu, ta yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ɗakin ƙasa in ya faɗi ba ya tambayar ko gafaka ce a ciki ko waya.

Saboda haka nake kira ga hakimai da malamai da 'yan boko na Wurno da Rabah da Goronyo, duk wanda yake da tsohon kaset na wa'azi ko na waƙa ko na biki, ko fulofi, ko sidi, ko littafin kakanni a gafaka, ya fito da shi tun na'urorin karantawa ba su gama ƙarewa ba. A juya shi kwafi uku, a ajiye a gidaje daban-daban, ɗaya nesa da fadama. A rubuta a takarda, da alƙalami, sunan mai magana da garin da shekarar da aka ɗauka, kamar yadda masu juyi na dā suke yi a ƙarshen littafi. A kai kwafi ɗaya Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko ɗakin karatu na jami'a, sannan a sa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan gida alhakin sake juyawa duk bayan 'yan shekaru, a gaya masa amana ce aka ba shi.